Na zubar da abin da maigidana ke sha, kwana biyu bayan haka ya faɗi

Assalamu alaikum Anti, ina yi miki fatan alheri. Don Allah a sakaya sunana, don 'yan garinmu da yawa suna sauraron wannan fili.

Daren Talatar da ta wuce maigidana ya faɗi a falo a gaban yarana biyu, jikinsa yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, har ya ciji harshensa. Bai taɓa yin haka ba. Babbar 'yarmu ce ta kira motar asibiti, ni na kasa riƙe wayar. Har yanzu ƙaramin ba ya yarda ya kwana shi kaɗai.

Ni 'yar Damagaram ce, shekara tara ke nan muna zaune a Pontarlier, wani ƙaramin gari mai tsananin sanyi a gabashin Faransa, dab da iyakar Suwizalan. Kullum maigidana yana tsallaka iyaka zuwa wurin aikinsa, masana'antar agogo. Garin nan, Anti, da wata giya yake tunƙaho, sunanta absint. An fara yin ta ne can tsallake, a kwarin Val-de-Travers, sannan a 1805 wani mai suna Pernod ya buɗe masana'antarta a nan. Koriya ce, suna kiranta koriyar aljana. Sukan ɗora ƙwayar sukari a kan wani cokali mai huji bisa kofi, su riƙa ɗiga ruwan sanyi har ta koma fari-fari kamar an zuba madara. Ina ganin cokulan a shaguna shekara da shekaru, ban san na mene ne ba, sai da na tsinci ɗaya a aljihun rigar sanyinsa.

Wani abokin aikinsa ne ya lalata shi, Allah ya isa tsakanina da mutumin nan. Ya ci tuwona a gidan nan, yana ce mini madam, ashe shi ya koya masa. Shi ya gaya masa ganyen da ake yin ta da shi dangin tazargade ne, wai har sojojin Faransa a Aljeriya an riƙa ba su ita saboda zazzaɓi tun wajen 1840. Da wannan maganar maigidan ya rufe mini baki. Ya ce ciki ke damunsa, in sa Inna ta aiko da tazargade. Ni na sa aka aiko, har sau uku. Wa zai yi zargin tazargade? Da shi aka yi mana magani muna yara. In da laifina a nan, to ban san shi ba wallahi.

Ranar Lahadi na sauka ɗakin ajiya na ƙasan bene neman bargo, sai ga manyan kwalabe huɗu a bayan tayoyin mota. Ya jiƙa tazargaden da ƙwayar anis, wani kayan ƙamshi, a cikin barasa mai ƙarfi da yake sayowa, ruwan ya yi kore shar, warin ya cika ɗakin. Mutumin da ke jan mu salla. Ban yi shawara da kowa ba, na kwashe duka na tuttule a masai, na jefar da cokalin. Da ya dawo na gaya masa. Bai ce uffan ba, kallona kawai ya yi, wani irin kallo da ban san shi da shi ba. Litinin na ga hannunsa yana rawa, yana gumi cikin wannan sanyi, na ɗauka kunya ce da fushi.

A asibiti likita ta ja ni gefe, ta tambaye ni yaushe rabonsa da sha. Da na faɗa mata, sai ta ce wanda jikinsa ya saba da barasa kullum, in ya daina farat ɗaya, yana iya faɗuwa haka cikin kwana ɗaya zuwa biyu, wani lokaci har rai ke salwanta, don haka a hannun likita ake rage ta. Ta ce ita absint ƙarfinta daga kashi 45 ne zuwa sama da 70 cikin ɗari, alhali giyar kwalba da aka saba gani kusan kashi 5 ce. Akwai kuma wani sinadari a ganyen, tuyon, wanda in ya yi yawa shi ma yana sa jijjiga. Ta shago doka ta ƙayyade shi, bai wuce miligiram 35 a kilo ba, amma wadda aka jiƙa a gida ba wanda ya auna. Sun ɗebi jininsa don duba hanta da ƙoda. Ta ce barasar ce ta fi ba ta tsoro.

To ni ce na jefa shi ke nan, Anti? Abin da yake gaya mini ke nan tun da aka sallamo shi, wai na so in kashe shi. Me zan yi, in ga haram a gidana in rufe in hau sama?

A daren asibitin ina zaune na bincika a waya, na ga labarin wani manomi a Suwizalan, Jean Lanfray, da ya harbe matarsa mai ciki da 'ya'yansa mata biyu a 1905. Shi ya ƙara tunzura mutane har ƙasar ta haramta absint a 1910, Faransa ta bi a 1915. An ce ranar ya sha wasu giyoyin masu yawa, absint kofi biyu ne kawai, kuma sun sake halatta ta, Suwizalan a 2005, nan a 2011. Na karanta duk wannan, amma hankalina a kan matar nan yake. Ni ma ciki ne da ni, wata huɗu, na manta ban faɗa ba. Bai taɓa dukana ba, kada a ce na ce. Sai dai watannin nan yakan daka wa yara tsawa a kan abin da bai kai ba, kuma jiya na kulle ƙofar ɗakinmu na kwana da su.

Hajiyarsa tana kira kullum, na ce mata hawan jini ne. Ita dama ba ta taɓa sona ba, cewa za ta yi ni na kai shi ƙasar giya, alhali shi ya kawo ni. Yayansa kaɗai yake jin maganarsa, amma in yayan ya ji, duk Damagaram ta ji. Likita ta ba shi ranar ganin masu kula da masu shaye-shaye, ya yayyaga takardar, ya ce shi ba mashayi ba ne, magani yake sha. Takardun zamana kuma a kan nasa suke.

Jiya da yamma na ji shi yana waya da mutumin nan a ƙasan bene. Ban sauka ba. Anti, in na sake samun kwalba, in zubar ko in bar masa? Ina tsoron duka biyun. Kuma Inna ta ce ta samu mai tahowa wata mai zuwa, za ta ba shi tazargade ya kawo mana. Me zan ce mata?

Wassalam, 'yarki daga Faransa.