Rahoton Sake Gina Cocin Waliyyi Brandon na Ƙauyen Brancepeth a Ingila

Brancepeth ƙauye ne mai nisan kimanin kilomita 8 kudu maso yamma da birnin Durham, a arewacin Ingila. Cocinsa na tsaye dab da tsohuwar fadar gidan sarautar Neville. A ranar 16 ga Satumba, 1998, gobara ta cinye cikin ginin, aka sake buɗe shi don ibada a 2005. Kwamiti ya tattara wannan bayani ne domin masu kula da tsofaffin gine-ginen dutse.

Hasumiyar da ke yamma ita ce mafi tsufa, tun ƙarni na 12. Daga baya aka riƙa faɗaɗa ginin, aka ƙara fikafikai biyu, wato sassan gefe, aka ɗaga bangon tsakiya da jerin tagogin sama. Abin da ya yi wa cocin suna kuwa shi ne sassaƙen katakon da John Cosin ya sa aka yi. Ya zama limamin wurin a 1626, ya kuma zama Bishop na Durham a 1660. Kujeru, mumbari, silin da doguwar katangar katako da ta raba wurin bagade da na jama'a, duk wuta ta lashe. Shirayin dutse da Cosin ya gina a ƙofar arewa ya tsira, haka ma mutum-mutumin dutse na Robert Neville, wanda ya mutu a 1319.

Mutane kan ɗauka dutse ba ya jin wuta. Yana ji ƙwarai. Dutsen yashi yakan fara rikiɗa zuwa ja a wajen digiri 300 na ma'aunin Celsius, saboda ƙarfen da ke cikinsa. A digiri 573 ƙwayoyin yashin sukan kumbura farat ɗaya, sai fuskar dutsen ta tsage ta riƙa ɓarewa. Darmar rufi ita tun a digiri 327 take narkewa. An ƙiyasta zafin wannan gobara ya haura digiri 1,000. Sannan ga ruwan 'yan kwana-kwana: sanyinsa kan ƙara tsaga dutse mai zafi, ya kuma jiƙa cikin bango ta yadda bushewarsa kan ɗauki watanni masu yawa.

Don haka jerin aiki a irin wannan gini ba ya son gaggawa. Ana fara tokare bango da bakunan gini da ƙarafa, a yi rufin wucin gadi, domin ruwan da ya shiga tsaga yakan daskare da hunturu ya buɗa ta. Toka da tarkace ba a kwashe su da shebur kai-tsaye; ana tankaɗewa, a rubuta inda aka tsinci kowane gutsure. Bayan nan magini ya bi duwatsu ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da ƙaramar guduma. Mai lafiya yana amsawa da ƙara, wanda ya ƙone ciki kuwa sautinsa a dushe yake. A ginshiƙi, inda nauyin baka ke sauka, ana cire mataccen dutse a sa sabo mai kama da shi a launi da shan ruwa. A bangon da ba ya ɗauke da nauyi sosai, gara a bar tsohon da tabonsa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne amfani da siminti. Tsohon bangon dutse yana fitar da danshi ne ta layin haɗin duwatsu. Siminti ya fi dutsen tauri, yana toshe hanyar, sai danshi da gishiri su bi ta jikin dutsen su cinye shi, kamar yadda yaɓen siminti kan ɓalle daga ginin ƙasa ya tafi da fuskar bangon. Abin da ya dace shi ne kwaɓin farar ƙasa, yawanci awo 1 ga awo 3 na yashi mai kaifi. Ba a aiki da shi idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5, kuma ana lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu don kada ya bushe da sauri ya tsattsage.

Ɓarnar ta tono abin da ba a zata ba. A cikin bangayen an samu duwatsun kabari fiye da 100 masu zanen gicciye, na ƙarni na 12 da na 13, waɗanda maginan dā suka mayar kayan gini. Wasu na ɗauke da zanen takobi, wasu almakashi. An kafa wasu daga ciki a jikin bango don masu ziyara su gani.

Duk wani babban canji a cocin Angilikan na Ingila sai da izinin kotun dayosis, wato yankin da ke ƙarƙashin Bishop, bayan shawarar kwamitinta na gine-gine, balle wannan da ke aji na farko a rajistar gine-ginen tarihi. Babbar tambayar ita ce ko a kwaikwayi sassaƙen Cosin. Ba a kwaikwaya ba, kuma a ganinmu hakan ya yi daidai. Kwafi ba zai dawo da hannun masassaƙan ƙarni na 17 ba, zai dai rufe bakuna da ginshiƙan da yanzu suka fito sarari. An yi sabon rufi, aka bar ciki a buɗe da haske, da kujerun da za a iya matsarwa. An kawo tsohuwar ogan, wato na'urar kiɗa mai bututu, ƙirar Henry Willis, daga asibitin Winterton, kamfanin Harrison & Harrison na Durham ya gyara ta. Babbar tagar gabas mai gilashin launi, aikin Helen Whittaker, sai a 2014 aka saka ta.