Kafin Ki Sa Hannu da Mai Ba Ku Shawarar Neman Tallafi

Assalamu alaikum 'yata,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Na ga saƙonki cewa kwamitin amintattu ya ɗora miki zaɓo wanda zai ba ƙungiyarku shawara kan neman tallafi, kuma mutum uku ne a gabanki. A waya ba mu samu natsuwa ba, shi ya sa na zauna na rubuto.

Wanda ya fi kwanta miki a rai, shi ya fi ba ni tsoro, wato mai cewa kada ku biya shi komai sai kuɗi sun shigo ya cire kasonsa. Na san asusunku ba nauyi, dole maganar ta yi daɗin ji. Amma mai cin la'ada dillali ne, idonsa na kan cinikin yau. Zai matsa wa mutum ya bayar yanzu, ko da haƙurin shekara guda zai sa ya ba da ninkin haka. Dattijon da ke tunanin bar muku wani abu a wasiyya kuwa, ba zai ko kalle shi ba. Sannan ki tuna da wanda ya cire dukiyarsa don marayu, daga baya ya ji wani ya yanki rabonsa a hanya. Kina ganin zai sake bayarwa? Ƙungiyar ƙwararrun wannan sana'a, AFP, wadda aka kafa a Amurka a 1960, ta hana 'ya'yanta karɓar lada bisa kaso. Galibin gidauniyoyi ma ba sa yarda a biya wanda ya rubuta takardar neman tallafi daga cikin abin da suka bayar. Ku yi jinga kan aikin, ko ku biya shi wata-wata.

Abin da nake so ya zauna miki shi ne, mai ba da shawara ba ya zuwa da kuɗi a aljihu. Mutane suna bai wa wanda suka sani ne suka kuma yarda da shi. Ko a Amurka, inda gidauniyoyi suka yi yawa, rahoton Giving USA yakan nuna wajen kashi biyu bisa uku na kyauta daga hannun ɗaiɗaikun mutane take fitowa. Aikinsa ya tsara muku hanya: wa za a tunkara, yaushe, nawa za a roƙa, wa zai je. Zuwan kuwa naku ne, ke da 'yan kwamitinki, don zuwa da kai ya fi aike. In akwai mai jin kunyar roƙo a cikinsu, gara ki sani tun yanzu.

Tunda gini kuke son yi, na kirki zai fara da bincike. Zai zauna da manyan masu taimaka muku ɗaya bayan ɗaya, ya ji ra'ayinsu a kanku da abin da za su iya. A irin wannan gangami na tara kuɗin gini, kyauta mafi girma takan kai kashi 10 cikin 100 na abin da ake nema ko fiye, kuma mutane ƙalilan ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin. In babu su, zai ce muku ba ku shirya ba. Wanda ya iya faɗin haka alhali zai rasa kwangila, ki riƙe shi.

Ni ma na taɓa yin cinikin biri a sama. Lokacin da nake cikin wani kwamiti, mun ɗauki wani da ya ce attajirai a tafin hannunsa suke. Bayan shekara ya tafi, sai muka tarar sunayen masu ba mu gudummawa duk a kwamfutarsa suke, har waɗanda muka sani tun kafin zuwansa. Don haka a rubuta ƙarara cewa sunaye da bayanai mallakin ƙungiya ne, kuɗi su faɗa asusunku kai tsaye, kuma kowane ɓangare zai iya janyewa in ya ba da sanarwa. A Ingila, tun dokar 1992 wajibi ne a yi yarjejeniya a rubuce da mai tara wa ƙungiya kuɗi a kan lada. Ki sa lauya ya duba abin da doka ta ce a inda kuke.

Shaidar CFRE ta ƙwarewa a sana'ar neman tallafi, wadda aka fara bayarwa a 1981, tana nuna mutum ya ci jarrabawa kuma yana sabunta ta duk shekara 3. Madalla in yana da ita, amma ta fi amfani ki kira waɗanda ya yi wa aiki, musamman inda ba a kai ga abin da aka nema ba. Ki tambaye shi kuma wa zai riƙa zuwa ofishinku, shi ne ko yaransa.

Matar nan ta cikin mutum ukun, da kika ce ta dame ki da tambayoyi, har tana son ganin lissafinku na shekara uku da jerin waɗanda suka daina bayarwa, ki sake kiranta ku zauna. In ta aiko da daftarin yarjejeniya, ki turo mini in duba kafin taronku.

Mamanki tana gaishe ki. Allah ya yi miki albarka.

Babanki