Sauya ruwan jini ga mai juna biyu: kada tsoro ya jinkirta magani

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida in yi magana a kan maganin sauya ruwan jini, wanda iyalai kan ja da baya gare shi idan marar lafiyar tana ɗauke da ciki. Ana jan jininta ta jijiya, na'ura ta ware ruwan daga ƙwayoyin jinin, a zubar da ruwan da ke ɗauke da abin da ke cutar da ita, sannan a mayar mata da ƙwayoyinta tare da albumin (wani furotin da ake samu a ruwan jini) ko ruwan jinin da wasu suka bayar.

Tambayar da miji kan fara yi ita ce, “Ɗan cikin fa?” Tambaya ce mai kyau, kuma tana da amsa. Jinin tayi ba ya bi ta na'urar, domin mabiyiya ta raba magudanar jininsa da ta uwarsa. Abin da ya fi yi masa barazana shi ne cutar kanta. A wata cutar jini da ake kira TTP, wadda ciki kan iya tayar da ita, ƙananan gudajin jini suna toshe jijiyoyi har da na mabiyiya, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda ba a yi wa magani ba suna mutuwa. Wani gwaji da aka yi a Kanada, aka wallafa a 1991, ya nuna cewa sauya ruwan jini ya fi ceton rai a kan ƙara wa marar lafiya ruwan jini kawai ba tare da an cire nasa ba.

Haɗarin da ke akwai bai kamata a ɓoye shi ba. Idan ƙarfin bugun jinin uwa ya faɗi ana tsakiyar aikin, jinin da ke isa ga tayi zai ragu, shi ya sa ake kwantar da ita ta ɓangaren hagu, ana sauraren zuciyar tayin. Sinadarin sitiret da ke hana jini daskarewa cikin na'ura yana rage mata kalsiyam, ta ji leɓɓanta da yatsunta suna tsuma, sai a ƙara mata. Ruwan jinin mai ciki kuma yana ƙaruwa da kashi 40 zuwa 50 cikin 100, don haka lissafin yawan ruwan da za a sauya da ake yi wa sauran mutane ba zai yi mata daidai ba.

Roƙona ga likitoci shi ne su zaunar da mace da mijinta su yi musu wannan bayani dalla-dalla kafin su miƙa musu takardar sa hannu, domin a cuta irin TTP jinkirin kwana ɗaya ma yana iya jawo asarar uwa da ɗa.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku a kullum