Wasiƙa zuwa ga ɗana da aka ba riƙon shagon walda

Damagaram, unguwar Birni

Ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Gida kowa lafiya. Innarka ta ce in yi maka barka da amanar da aka ɗora maka ta shugabancin shago. Allah Ya taya ka riƙo. Na rubuta maka ne don maganar baki iska ke tafiya da ita, wannan kuwa ina so ka ajiye.

Daga yau yatsu da idanun mutanen nan suna wuyanka. Duk ran da ka ga ɗayansu ya yi ganganci, kafin ka ɗaga murya ka tambayi kanka abin da ya kai shi. Babu mai fitowa daga gida da safe da niyyar rasa ido. In mai hankali ya yi abin da zai iya halaka shi, akwai abin da ya tura shi, kuma sau da yawa maganin yana hannun maigida.

Ɗauki injin yankan ƙarfe. Za ka tarar an cire wa ƙaramin injin murfin kariya. Kana bincikawa za ka ga dalilin: faifan babban injin ya cinye har ya ƙanƙance, yaro ya ga asara ce a jefar, sai ya ɗora shi a kan ƙaramin, murfi ya hana, ya kwance murfin. To, faifan mai faɗin milimita 230 an yi shi ne don juyi wajen 6,600 a minti ɗaya, ƙaramin injin kuwa yana kai 11,000. In ya tarwatse, gutsuren kan nufi fuska ko wuya. Yaron nan tattali yake yi maka, watakila ma ya taɓa shan faɗa a kan ɓarnar faifai. Saboda haka ka ajiye ƙananan faifai isassu inda hannu ke kaiwa, ka nuna wa kowa lambar juyin da ke rubuce a jikin faifai da ta jikin injin, ta faifai ita ce dole ta fi ko su yi daidai. Tsohon babban faifai kuwa ka karya shi da kanka a gabansu.

Haka tabarau. Wanda ya tura su goshi, karɓi ka sa a idonka ka gani. Ƙurar hunturu ta kakkarce su, ko gumi ya sa sun yi hazo, har mutum ba ya ganin layin da yake yanka. Canja su ya fi faɗa sauƙi.

Abin da ya fi hana ni barci shi ne duro da tankin mai. Tun da matatar mai ta fara aiki a 2011 motocin dakon mai sun yawaita a garin nan, kuma irin aikin zai zo maka. Mutane sun ɗauka tankin da babu komai ciki ba shi da haɗari, alhali shi ne mafi muni, don tururin fetur kimanin kashi 1 da rabi cikin 100 na iskar ciki ya isa ya fashe da tartsatsi ɗaya. Ɗauraya da ruwa ba ta fitar da abin da ya maƙale a lungunan haɗi. Sai an wanke da tururin ruwan zafi an auna iskar ciki da na'ura, ko kuma, ga ƙaramin duro, a buɗe bakinsa a cika shi da ruwa har dab da wurin da za a yi waldar. Mai mota zai tsaya a kanku yana cewa lodi na jiransa, yaro kuma ba ya iya ce wa babban mutum a'a. Kai za ka ɗauke masa wannan nauyin: kowane tanki sai da izininka, kuma kai za ka fuskanci mai motar.

Kula da lokacin da aka ɗauke wuta. Injin ya tsaya, mutum ya ajiye shi a ƙasa ya tafi shan iska, makunni na kunne. Wuta na dawowa, ko a tada janareto, injin ya zabura. Mantuwa ce ta ɗan Adam, gargaɗi ba ya warkar da ita. Ka sa ya zama al'ada: wuta na tafiya, kowa ya zare wayarsa daga bango, kuma ba a tada janareto sai mutum ɗaya ya zagaya ya duba.

Sai kunya. Ɗan koyo zai ce “na gane” ko bai gane ba, don bai saba mayar wa babba tambaya ba. Kada ka tambaye shi ko ya gane, ce masa ya yi a gabanka. Kuma wanda ya zo ya ce “saura kaɗan faifai ya same ni”, ka gode masa a gaban jama'a, ku duba dalili tare. In ka zage shi sau ɗaya, ba za ka sake jin labari ba sai na jini. Minti 5 kowace safiya kafin a kunna komai sun isa wannan hira.

Za ka ji ana cewa abin da Allah Ya rubuta ba makawa. Gaskiya ne, kada ka yi gardama. Tuna musu kawai cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali.

A Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40. Randa ta kasance kusa, kofi ɗaya kowane minti 20, kada a jira ƙishi. Da azumi ka maida aiki mai nauyi da hawa sama zuwa safiya. Ka kuma duba yadda ake biya: in kuɗin mutum ya rataya ga yawan ƙofofin da ya gama, sauri zai yi ko me ka faɗa, wani har ya kai ga shan taramol don kada ya ji gajiya. In ka ga alamar haka, ka keɓe shi ku yi magana, ranar kuma kada ya taɓa injin.

Idonsu na kanka fiye da kunnensu. Ran da ka yanka ƙarfe ba tabarau don “abu kaɗan ne”, ka rushe duk abin da ka faɗa.

In tsautsayi ya auku, asibiti tukuna, sannan a sanar da CNSS, wato asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, ba tare da jinkiri ba. Ka tabbata tun yanzu an yi wa kowa rajista a can. In ka zo gida ran Juma'a ka taho da jerin kayan aikin shagon, mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Naka,
Mahaifinka