Wasiƙa Daga Wusasa

Aminiyata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fatan kina lafiya, da maigida da yara. Yaya zaman Kumasi? Mu nan sai godiya, har an fara yankan gero.

Saƙonki ya iso, kuma maganar da kika yi ta tsaya mini a rai. Kin ce shekara da shekaru kina zuwa sujada, kina addu'a, amma kin ga kamar kina nan inda kike. Ni ma na sha kwana da wannan damuwar.

Kin san ni da saurin fushi. Da damina awakin maƙwabciyata suka ɓalle suka cinye mini ramar da na shuka a bayan ɗaki, tas. Na fita na faɗa mata maganganun da har yanzu nake jin kunyarsu. Wata biyu ko gaisuwa ba ma yi. Duk ranar Zumuntar Mata sai in ɗaura ɗankwalina, in je in yi waƙa da ƙarfi, in dawo in wuce ƙofarta na kau da kai.

Ran nan cikin dare na ji kukan autanta, zazzaɓi ya rufe shi, mijinta kuma ya yi tafiya. Na daɗe zaune a bakin gado ina gardama da zuciyata. Abin da ya tashe ni shi ne ayar nan ta 1 Yahaya 4:20, cewa wanda ba ya ƙaunar ɗan'uwansa da yake gani, ba zai iya ƙaunar Allah da bai gani ba. Na ɗauki tocila na buga mata ƙofa. Tare muka kai yaron asibiti, ni na goya shi. Da asuba na dama kunun tsamiya na kai mata. Ba ta yi zancen awaki ba, ni ma ban yi ba.

Da a ce shekara biyar da suka wuce ne, da ban tashi daga gadon nan ba, kin sani. Ban kuma san ranar da Ubangiji ya sassauta mini zuciya ba. Shi ya sa misalin da ke cikin Markus 4 yake ta dawo mini: mutum ya yafa iri, yana kwana yana tashi, irin na tsiro bai san ta yaya ba, da fari ganye, sannan zangarniya, sannan ƙwaya. Ina ganin haka yake a gare ki, don ban manta yadda kika yi jinyar surukarki ba, ba tare da ko ƙorafi ba.

Har yanzu fushin yakan taso mini, musamman a kan yara, ki riƙa sa ni cikin addu'a. Idan kin samu hali ki rubuto mini labarin ikilisiyarku, ko kuna samun sujada da Hausa a can. Mama tana gaishe ki, tana ta tambayar yaushe za ki zo gida.

Taki har kullum,
Aminiyarki