A Yi Hattara da Labarin "An Samo Maganin Kansa"

Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini. Ni ma'aikaciyar jinya ce mai ritaya, kuma yawancin aikina a ɗakin masu ciwon daji na yi shi. Duk lokacin da aka ji ƙishin-ƙishin ana gwada wani magani a Amurka, sai saƙo ya cika WhatsApp wai an samo maganin kansa, wato ciwon daji. Washegari sai ɗan uwan maras lafiya ya miƙo mini waya, hannunsa na rawa, yana cewa, "Sista, nawa ne? Ko gona ce sai mu sayar."

Maganin da ake yawan yayatawa shi ne wanda ke zaburar da garkuwar jiki. Ƙwayoyin garkuwarmu suna aika wa juna saƙo ta wasu ƙananan furotin, ɗaya daga ciki ana kiransa IL-2, aikinsa ya sa su hayayyafa su far wa cuta. A 1984, Dakta Steven Rosenberg na Cibiyar Ciwon Daji ta Ƙasa a Amurka ya ɗura shi da yawa a jikin wata jami'ar sojan ruwa da dajin fata ya bazu mata, bayan duk wani magani ya ci tura. Ciwon ya ɓace, ta ƙara shekaru masu yawa a duniya. Gaskiya ne, kuma abin a gode wa Allah ne. Amma kafin ita, mutane da dama sun shiga gwaje-gwajensa ba su tashi ba, su kuwa ba a yaɗa labarinsu.

Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da IL-2 don dajin ƙoda a 1992, sai dajin fata a 1998. Cikin masu dajin fata 270 da aka bibiya, 43 ne ciwonsu ya ja baya, 17 daga cikinsu ya ɓace musu ƙurmus, shida kuma suka rasu sanadin maganin. Allura ce ta jijiya duk bayan awa takwas. Ruwa yakan tsiyaye daga jijiyoyin jini ya taru a huhu da ƙafafu, jini ya sauka ƙasa, fitsari ya ɗauke, zazzaɓi da makyarkyata su girgiza gado. Sai asibitin da ke da ɗakin kulawa ta musamman, da wutar da ba ta ɗaukewa, da ma'aikata a tsaye dare da rana. Ɗan uwansa IL-12 ma, a gwajin 1995 mutum biyu suka mutu, aka dakatar.

Ba wai an yi watsi da hanyar ba ne. A 2024 Amurka ta amince da maganin Anktiva, wanda aka gina kan IL-15, wani ɗan uwan IL-2, don dajin mafitsara da ya ƙi jin BCG, maganin da aka saba ɗurawa cikin mafitsara. Wannan kam ya taɓa ni, domin dajin mafitsara ba baƙo ba ne a wajenmu, tsargiya ce ke share masa hanya shekara da shekaru. Sai dai maganin na wanda ciwonsa bai nutsa cikin naman mafitsara ba ne, mu kuwa galibi sai ciwo ya ci jiki ake kawo mana mutum, ya rame, yana fitsarin jini guda-guda.

Roƙona gare ku 'yan jarida: in za ku ba da irin wannan labari, ku faɗi wane irin daji ne, mutum nawa aka gwada, nawa suka amfana, nawa suka wahala. In kuma wata rana aka kawo irin gwajin asibitocinmu na koyarwa, ina maraba da shi, domin wanda magani ya ƙare masa yana da haƙƙin a ba shi dama. Amma ba mu manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara masu sanƙarau a Kano a 1996 ba. A zaunar da mutum da iyalinsa, a yi musu bayani da Hausa, a gaya masa yana iya janyewa ko yaushe, kuma kada a karɓi ko sisinsa.

Taku,
Ma'aikaciyar jinya mai ritaya, Zariya.