Tsohon jirgin ruwa: mai shi ya ci riba, talaka ya sha guba

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi tsokaci a kan wani al'amari da kafafen labaranmu na Hausa ba su cika waiwaya ba, wato inda manyan jiragen ruwa ke ƙarewa idan sun tsufa, da dokar duniya da ta fara aiki a kansu ranar 26 ga Yunin 2025. Ni ɗan gwangwan ne, tsohon ƙarfe nake saye da sayarwa a Legas, don haka duk zancen da ya shafi ƙarfen da ya gama aiki yakan ja hankalina.

Dokar ita ce Yarjejeniyar Hong Kong, wadda Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Ruwa ta Duniya, wato IMO, ta amince da ita a watan Mayun 2009. Shekara 16 ta yi tana jiran tsammani. Sharaɗin shi ne sai ƙasashe 15 sun shiga, kuma jiragen da ke ɗauke da tutocinsu sun kai kashi 40 cikin 100 na girman jiragen kasuwancin duniya, sannan a cikinsu a samu masu wuraren farfasa jirage isassu. Ba a cika wannan ba sai a Yunin 2023, ranar da Bangaladash da Laberiya suka shiga tare, daga nan aka ƙara lissafa shekara biyu.

Abin da ta tanada, a takarda, yana da kyau. Kowane babban jirgin kasuwanci zai riƙa yawo da kundin da ya lissafa abubuwa masu cutarwa da ke jikinsa da inda suke: asbesto da aka naɗe bututai da ɗakin inji da shi, fenti mai guba da ake shafa wa ƙasan jirgi don kada halittun ruwa su manne, dalma, zaiba, da sinadaran da ke cikin tsofaffin wayoyin lantarki. Tsofaffin jirage an ba su har 2030 su haɗa nasu kundin. Wurin da za a farfasa jirgi sai gwamnatin ƙasarsa ta ba shi izini, kuma sai an rubuta tsarin yadda za a yanka kowane jirgi kafin a kunna masa wuta. Ba na raina wannan. Duk wanda ya taɓa sa wutar yanka a jikin tankin da bai san abin da aka zuba a ciki ba ya san darajar wannan kundi.

Sai dai a duba inda ake aikin. Mafi yawan ƙarfen jiragen da ake farfasawa a duniya, a bakin teku uku yake ƙarewa: Alang a jihar Gujarat ta Indiya, Sitakunda kusa da Chattogram a Bangaladash, da Gadani a Pakistan. Akwai kuma Aliaga a Turkiyya, amma can tsarin ya ɗan bambanta. A Alang, tsakanin cikar teku da janyewarta kan kai mita 10. Sai a jira ranar da ruwa ya cika maƙil, matuƙi ya saki wa jirgi wuta ya nufi gaɓa, ya kafe shi a cikin laka. Idan ruwa ya janye, ma'aikata su taka taɓo su isa gare shi da tukwanen gas. Daga gaba ake farawa, a yanko ɓangare mai nauyin tan da yawa, a bar shi ya faɗo ƙasa da nauyinsa, a ɗaura masa sarƙa inji ya jawo shi tudu. Duk abin da ya zube a lokacin, baƙin mai ne ko ɓawon fenti, ruwa na dawowa zai kwashe ya kai teku. Motar kashe gobara ko ta asibiti kuwa ba ta da hanyar isa gindin jirgin da ke tsakiyar laka.

A Gadani, ranar 1 ga Nuwambar 2016, wani tsohon jirgin dakon mai ya yi bindiga ana tsaka da yanka shi, wuta ta yi kwanaki tana ci, sama da mutum 25 suka rasu. Wannan duniya ta ji saboda yawan gawarwakin. Wanda farantin ƙarfe ya faɗo wa shi kaɗai, ko wanda ƙurar asbesto za ta cinye wa huhu bayan shekara 20 ya koma ƙauyensu, ba ya shiga labarai. Kuma yawancinsu 'yan cirani ne. Masu aiki a Alang daga jihohin Odisha da Bihar da Uttar Pradesh suke zuwa.

Yarjejeniyar Hong Kong ba ta hana kafe jirgi a bakin teku ba. Kuma kusan ikonta a ƙofar wurin aikin ya tsaya. Inda za a kai asbesto da sauran dattin bayan an fitar da su, an bar wa dokar kowace ƙasa. Gaskiya ne wurare da yawa a Alang, da wasu a Chattogram, sun gyara: an zuba kankare a inda ake ƙarasa yankan, an kawo injinan ɗaga kaya, an raba hular kwano da takalma. To amma yankan farko har yanzu a kan laka ake yinsa.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne hanyar da kuɗin ke bi, don wannan ɓangaren sana'ata ce. Jirgi yakan yi shekara 25 zuwa 30 yana tara wa mai shi dukiya. Ranar da ya tsufa, mai shi ba biya yake yi a raba shi da shi ba, a'a, shi ake biya, a kan nauyin ƙarfen jirgin tan-tan. Wa zai fi ba da farashi mai tsoka? Wanda bai kashe kuɗi a kan gina wurin aiki ba, bai biya inshorar ma'aikaci ba, bai biya kuɗin binne guba ba, ga kuma masana'antun rodi a bayansa suna jiran ƙarfe. Shi ya sa farashin da ake tayawa a Kudancin Asiya yake ɗara na Turkiyya, na Turkiyya ya ɗara na Turai nesa. A kan babban jirgi, ratar takan kai miliyoyin daloli. Wannan ratar ita ce kuɗin lafiyar ma'aikaci da na tsabtar teku, ta koma aljihun mai jirgi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuma mai jirgi ba ya sayarwa kai tsaye. Akwai manyan dillalai masu biya lakadan, su ne ke karɓar jirgin don tafiyarsa ta ƙarshe. Suna karɓa sai a goge sunansa, wani lokaci a rage haruffa biyu ko uku kawai, a yi masa rajista da sunan wani kamfanin da bai wuce akwatin gidan waya ba, a sauke tutar da yake ɗauke da ita a ɗora ta Komoros ko Palau ko Saint Kitts da Nevis. Kamar dai mutum ya canza lambar mota kafin ya shiga da ita inda ya san an hana. Tarayyar Turai tana da tata dokar tun 2013, wadda ta fara aiki sosai a ƙarshen 2018, cewa jirgi mai tutar ƙasashenta ba za a farfasa shi ba sai a wuraren da ta tantance ta sa a jerinta. Sai masu jirage suka riƙa sauke tutar Turai kafin tafiyar ƙarshe, shi ke nan doka ta tashi daga kansu. To ita ma Yarjejeniyar Hong Kong a kan tuta ta rataya nauyinta. Ƙasar da ke sayar da tutarta don jirgin da saura masa makonni a duniya, wane sufeto za ta tura?

A nan abin ya taɓa mu 'yan Afirka. Laberiya tana sahun gaba a duniya wajen yawan jiragen da ke ɗauke da tutarta, alhali ofishin da ke gudanar da rajistar yana jihar Virginia ta Amurka. Komoros ma tamu ce. Ana cin kasuwa da sunan ƙasashenmu, idan abin kunya ya fito kuma sunanmu ne a jikin jirgin.

Akwai wata doka da ta girmi ta Hong Kong, kuma mu a Najeriya muna da dalilin riƙe ta da hannu biyu. A 1988 aka gano dubban durom na dattin masana'antu masu guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko, a tsohuwar jihar Bendel, jihar Delta a yau. Gwamnatin Janar Babangida ta janye jakadanta daga Rum, ta tsare wani jirgin Italiya, sai da aka zo aka kwashe kayan. Jirgin da ya ɗauko wani kaso, mai suna Karin B, tashoshin Turai suka riƙa korarsa ɗaya bayan ɗaya. Abin da suka ga ya dace da Koko, su ba sa so ya kusanci gaɓarsu. A shekarar aka kafa dokar soja mai lamba 42 da ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da irin wannan datti. Wannan badaƙala na cikin abubuwan da suka haifar da Yarjejeniyar Basel a 1989, da ta Bamako da ƙasashen Afirka suka ƙulla a 1991. Basel ta ce ba a tura datti mai guba wata ƙasa sai da saninta da yardarta, gyaran da aka yi mata wanda ya fara aiki a Disambar 2019 kuma ya hana ƙasashe masu arziki tura shi ƙasashe masu tasowa. Tun 2004 ƙasashen da ke cikinta suka yarda cewa jirgi zai iya zama datti alhali yana kan ruwa yana tafiya.

Yanzu da ta Hong Kong ta fara aiki, ƙungiyoyin masu jirage da wasu ƙasashe suna matsa lamba a ce ita kaɗai ta isa, a ɗauke Basel daga kan jirage. A ganina wannan ne wurin da wakilanmu ya kamata su tsaya kai da fata. Basel ma tana da tata ɓarakar, don mai jirgi yakan ce gyara za a kai shi ko wani aiki ya samu, sai ya fita teku sannan ya bayyana niyyarsa. Amma ita ce ke bai wa ƙasa ikon cewa ba ta karɓa, kuma ta taɓa cizo. A 2006 Faransa ta tura tsohon jirgin yaƙinta Clemenceau zuwa Alang cike da asbesto. Bayan hukuncin kotu, Shugaba Jacques Chirac ya sa aka juyo da shi, daga baya aka farfasa shi a Hartlepool ta Ingila. Ɗan'uwansa da aka sayar wa Burazil, mai suna São Paulo, Turkiyya ta soke izinin shigarsa a 2022, ya yi watanni yana gantali a teku, ƙarshe sojojin ruwan Burazil suka nutsar da shi a Tekun Atilantika a Fabrairun 2023. Jiragen yaƙi ma, in faɗa maka, ba sa cikin Yarjejeniyar Hong Kong kwata-kwata.

Kada a ɗauka ina kiran a rufe Alang ko Sitakunda. Ni ne na ƙarshe da zan faɗi haka. Dubban gidaje na ci daga wurin, Bangaladash na samun kaso mai yawa na ƙarfen gininta daga jikin jirage, kuma narka tsohon ƙarfe ya fi haƙo sabo sauƙi ga muhalli. A kan hanyar shiga Alang, shaguna ne jere ana sayar da katifu da firji da janareto da kwanuka da kwale-kwalen ceto, duk daga cikin jirage; babu abin da ke tafiya a banza. Abin da nake cewa shi ne kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya ci ribar jirgi shi ya kamata ya ɗauki kuɗin kwashe gubarsa, kuma doka ta bi mai jirgin na ainihi, kowace tuta ya ɗora. Tarayyar Turai ta taɓa nazarin wani tsari da jirgi zai riƙa ajiye kuɗi duk lokacin da ya shiga tashoshinta, a mayar wa mai shi idan an farfasa shi a wuri mai tsabta, amma ba a aiwatar ba. Kotuna sun fara leƙa wannan hanya: a 2021 kotun ɗaukaka ƙara a Ingila ta yarda matar wani ma'aikaci da ya faɗo ya mutu a Chattogram ta ci gaba da ƙarar wani kamfanin jirage na Landan, duk da cewa jirgin ya riga ya bar hannunsu ta hanyar dillali.

Ƙungiyar masu jirage ta BIMCO ta yi hasashen a 2023 cewa sama da jirage 15,000 za su kai ga yanka cikin shekara goma. Wasu daga cikinsu a ruwanmu suke. Manyan jiragen da ke tacewa da adana ɗanyen mai a tekunmu suna tsufa. Na filin haƙar mai na Bonga tun 2005 yake aiki, kuma irinsu sukan tara zaiba da datti mai tururin nukiliya a cikin bututansu. Mun ga Trinity Spirit, wanda aka ƙera tun shekarun 1970, ya yi bindiga ya nutse a gaɓar Delta a Fabrairun 2022, aka yi asarar rayuka. Ga kuma matattun jirage da ke kwance a ruwan Legas, waɗanda yaranmu ke hawa da silifa da tukunyar gas suna yanko abin da za su ɗora a sikeli, babu wanda ya taɓa gaya musu farin abin da ke naɗe da bututun nan kisa yake yi a hankali.

Don haka ina roƙonka, Edita, ka tura wakilinka hukumar kula da sufurin jiragen ruwa ta Najeriya, wato NIMASA, da Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ya tambaye su abu uku: wane matsayi Najeriya ke ɗauka a taron IMO da na Basel a kan wannan taƙaddama, ina za a kai jiragen man da ke tekunmu idan sun gama aiki da kuma wanda zai biya, sannan wane ne ke da alhakin duba masu yanka jirage a bakin ruwanmu. A buga mana amsarsu da Hausa, domin da yawa daga cikin masu riƙe da wutar yankan nan Hausa suke ji.

Na gode da ba ni fili. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Mai karatunku a kullum,
wani ɗan gwangwan daga Legas